Maharbi Ba Hannu, da Tausayin da Ke Tsayawa a Ƙofa

Ran 1 ga watan Satumba na shekarar 2024, a birnin Paris, wani Ba'amurke mai shekara 41 ya zauna a kan kujera, ƙafarsa ta dama ba takalmi. Ya ɗaga baka da yatsun ƙafar nan, ya sunkuya ya maƙala tsirkiya a wani ɗan ƙarfe da ke ɗaure a kafaɗarsa, ya miƙe ƙafa har baka ya jawu, sa'an nan ya saki. Sau 15 ya yi haka. Allon da yake harbi yana nesa da shi mita 50, zoben tsakiya kuwa, wanda ke ba da maki 10, faɗinsa santimita 8 ne, kamar bakin kofin shayi. Kibiya 14 suka shiga zoben nan, ɗaya ta faɗa a na kusa da shi. Ya tashi da maki 149 cikin 150. Abokin karawarsa, Ai Xinliang na ƙasar Sin, wanda ke harbi da hannuwansa, ya sami 147. Haka Matt Stutzman, mutumin da aka haifa ba hannu ko ɗaya, ya ci lambar zinariya a wasannin naƙasassu na duniya, waɗanda ake kira Paralimfik.

A wayar wani saurayi na ga harbin nan, muna zaune a gindin bedi bayan an tashi daga sujada. Mutane suka kewaye mu suna leƙe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta fito daga bakin kusan kowa. Ban ji wanda ya ce madalla ba, ban ji wanda ya ce wannan gwani ne ba. Abin da aka yi ta faɗi shi ne, "Allah sarki!" Wata dattijuwa har da share hawaye. Mutum ya fi gwanayen duniya a sana'arsa, mu kuwa muna yi masa juyayi kamar wanda gobara ta cinye rumbunsa. Tun ran nan nake tambayar kaina: tausayin nan da muke taƙama da shi, ko yaushe alheri ne? Ko kuwa akwai inda yakan kai ya zama zalunci mai taushin murya?

Bari in fara ba da labarin mutumin, gama ba a yanke shari'a ba a ji bayani ba.

An haife shi a birnin Kansas a watan Disamba na 1982. Likitoci ba su gano dalilin rashin hannuwansa ba. Iyayen da suka haife shi suka ga ba za su iya ba, suka ba da shi riƙo yana jariri. Ba zan zarge su ba, don ban san irin tsoron da ya kama su ba. Yana da wata 13 wasu mata da miji masu 'ya'ya da yawa, a wani ƙaramin gari mai suna Kalona a jihar Ayowa, suka ɗauke shi ya zama ɗansu, suka ba shi sunan gidansu. A karkara ya tashi, cikin aikin gona da dabbobi. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa akwai ƙa'ida ɗaya a gidan: za a taimake shi, amma sai ya gwada tukuna. Ba su sake tsarin gida dominsa ba. Da ƙafa ya koyi cin abinci, da ƙafa ya koyi rubutu, da ƙafa ya koyi tuƙin mota, ta dama a kan sitiyari, ta hagu a kan birki da totur.

Mai karatu, ka tsaya ka yi tunanin uwar nan. Tana tsaye tana kallon yaro ƙarami yana fama da cokali a tsakanin yatsun ƙafa, abinci yana zubewa, yana kuka, ita kuwa hannuwanta biyu lafiya lau, cikin ƙiftawar ido za ta iya ba shi a baki. Da a unguwarmu ne, da maƙwabta sun ce matar nan ba ta da imani, da ma ba ita ta haife shi ba. Na tabbata riƙe hannunta a lokacin ya fi mata wuya a kan miƙa shi. Wanda ya yi maza ya taimaka, sau da yawa kansa yake sauƙaƙa wa, domin ganin wahalar wani yana damunsa, yana so abin ya wuce ya huta.

Da ya girma ya yi iyali, sai ya haɗu da abin da naƙasassu ke haɗuwa da shi ko'ina a duniya. Ya nemi aiki, ana ganinsa sai a sallame shi. Wajen shekarar 2009 yana zaune a gida ba aikin yi, yana renon yara, zuciyarsa a ɓace don ba ya iya kawo kome gida. Sai ya ga ana farauta da baka a talabijin. Ya sayi baka don ya harbi barewa iyalinsa su sami nama. Ba neman suna ya kai shi ba, cefane ne. Ba kuma wanda zai koya masa, gama ba a san wani mai harbi da ƙafa da zai je wurinsa ba. Shi ya ƙago hanyarsa: yadda zai ɗora kibiya da yatsu, da ɗamarar da zai sa a ƙirji, da yadda zai saki tsirkiya da motsin muƙamuƙi. Bakan irin na zamani ne, mai 'yan ƙafafu masu juyawa a bakinsa biyu, waɗanda ke rage nauyin ja idan an kai ƙarshe. Ya kuwa sami barewarsa.

Daga nan ya fara shiga gasa. Ba a daɗe ba wani kamfanin da ke ƙera baka ya ce zai ɗauki nauyinsa. Yana cikin murna sai wani abokinsa ya faɗa masa wata magana mai ɗaci, ya ce kada ya ruɗi kansa, ba don ya iya harbi aka ɗauke shi ba, don ba shi da hannu ne, jama'a za su taru su kalle shi su ga kayan kamfanin. Stutzman ya ce maganar nan ce ta juya rayuwarsa. Ya ƙi ya zama abin kallo. Ya shiga horo na sa'o'i da yawa kowace rana, har a 2012 ya je Landan ya ci lambar azurfa, bayan Jere Forsberg na ƙasar Finlan ya kayar da shi a karon ƙarshe.

Cikin mutanen labarin nan duka, abokin nan ne ya fi ba ni tunani. Kamfanin ya yi masa kyauta, abokin ya ɓata masa rai. Amma wane ne a cikinsu ya ɗauke shi cikakken mutum? Kamfanin ya dubi abin da ya rasa ya biya kuɗi a kansa. Abokin ya dubi harbinsa, ya auna shi da mudun da ake auna kowane maharbi, ya ce bai cika ba tukuna. Ba ka faɗa wa mutum "ba ka iya ba tukuna" sai kana ganin zai iya. Wanda ka fid da rai a kansa, shi kake yi wa tafi a kan kome.

Ina faɗin wannan da kunya, domin na taɓa tsayawa a inda kamfanin nan ya tsaya. A farkon aikina ina da ajin masu shirin baftisma. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 13 wanda shan inna ya shanye masa ƙafafu. Da rarrafe yake zuwa, ya sa silifa a hannu saboda zafin rairayi, bai taɓa fashi ba, ko ran da aka yi ruwa. Ranar gwaji na bi yaran ɗaya ɗaya ina yi wa kowa tambaya biyar. Da na zo kansa sai na dafa kansa na ce, "Kai ka ci, ɗana, Allah ya ga wahalarka." Na wuce. Sai na ji muryarsa a bayana, "Malam, ai ba ka tambaye ni kome ba." Yara suka yi dariya, ni ma na yi murmushi, ina ganin na yi abin kirki. Daga baya yayarsa ta gaya mini wata uku ya yi yana haddace littafin da dare a gaban fitila, har yana gyara wa 'yan'uwansa kuskure. Abin da ya sha wahala ya tara don ya nuna a gaban tsaransa, na hana shi buɗewa. Na kuma koya wa sauran yaran, ba da baki ba, cewa cin da ya yi sadaka ce. An yi masa baftisma tare da su, amma bai ƙara zama a ajina ba.

Muna da labari a Ayyukan Manzanni, sura 3, na gurgun da ake ɗauka kowace rana a ajiye a ƙofar Haikali don ya yi bara. Mun saba duban manzannin da suka warkar da shi. Ni kuwa yanzu masu ɗaukarsa nake dubawa. Mutanen kirki ne, ba shakka, gama ɗaukar ƙato kowace safiya ba wasa ba ne, mutumin kuwa ya haura shekara 40. Amma iyakarsu ƙofa. Haka namu tausayin yake yi. Muna ba da sadaka da zuciya ɗaya, muna kuwa da tsari tun na kakanni, har da sarkin makafi da sarkin guragu a garuruwanmu, ba a bar kowa ya kwana da yunwa ba. Wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai tsarin ya riga ya yanke wa yaro sana'arsa tun bai yi wayo ba. In an haifi gurgu, ba a tambaya ko za a kai shi wurin tela ko maƙeri ko makaranta. An san inda za a kai shi.

Ba mu kaɗai muke da halin nan ba. Filin da Stutzman ya ci zinariyarsa yana gaban wani babban gini ne da Sarkin Faransa Luwi na 14 ya ba da umarnin ginawa a 1670 domin sojojin da yaƙi ya naƙasa. Sunan ginin da Faransanci ma, ma'anarsa naƙasassu. Wuri ne na ajiye su cikin mutunci. Su kansu wasannin Paralimfik daga gardama da irin wannan ajiyewa suka fito. A Ingila, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan da ya karye a ƙashin baya akan kwantar da shi ne a lallashe shi, yawancinsu kuwa ba sa daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su kashe su. Wani likita Bayahude, Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus a 1939, ya karɓi sashen masu irin wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Ya sa a riƙa juya su dare da rana, ya tashe su zaune, ya ba su aikin hannu da wasanni, ko suna so ko ba sa so. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olimfik a Landan, ya shirya gasa a harabar asibitin tsakanin mutum 16 masu keken guragu. Gasar kuwa ta harbin baka ce. Daga wannan 'yar gasa aka kai ga Paralimfik na farko a Roma a 1960.

To, yanzu sai in juyo in yi gardama da kaina, gama na san yadda za a iya ɗaukar maganata a yi ɓarna da ita.

Wani zai karanta labarin Stutzman ya mai da shi bulala. Gobe in gurgu ya miƙo masa hannu a bakin kasuwa, sai ya ce, "Tafi can, ga wani ba hannu ya ci zinariya, kai mene ne naka?" Ya riƙe kuɗinsa, ya tafi yana jin ya yi wa'azi. Wannan ya fi tausayin da nake kuka da shi muni, domin shi mai tausayi ko ba kome ya ba da abinci. Mu tuna abin da Stutzman ya samu. Ya sami gida da ya riƙe shi, da makaranta, da ƙafafu biyu masu ƙarfi, da kuɗin sayen baka ko da yana cikin rashi, da ƙungiyar wasa da ta yarda ya zauna a kan kujera ya riƙe baka da ƙafa. Iyayen da suka ce sai ya gwada tukuna suna nan tsaye a bayansa in ya kāsa. Wanda ya ce wa mutum "gwada" sa'an nan ya juya baya ya tafi, bai bi sawunsu ba. Yashe shi ya yi. Gurgun bakin kasuwarmu, wa ya taɓa ba shi abin da zai gwada da shi? Makarantar da matakalarta ta fi ƙarfinsa, ko mai shagon da ya ce masu saye za su gudu?

A nan ne nake ganin gasar baka ta koya mini bambancin da na kāsa ganewa a ajina. An sake wa Stutzman hanya, amma ba a matso masa da allo ba. An ce ya zauna, ya yi da ƙafa, ya yi da muƙamuƙi, duk yadda jikinsa ya ba shi. Mita 50 kuwa tana nan mita 50, zoben tsakiya bai ƙara faɗi ba saboda shi. Ni na yi akasin haka. Ban taɓa tunanin nema wa yaron nan keke ba, ko in mai da ajin kusa da gidansu, na bar shi yana rarrafe a rana wata da watanni. Hanyar na bar ta da wuyarta, sai allon na ɗauke gaba ɗaya. Sake hanya yana cin kuɗi da lokaci da tunani. Ɗauke allo kuwa kyauta ne, shi ya sa muka fi son sa.

Akwai kuma wani abu da ke tona asirin tausayi, wato abin da yakan zama ran da naƙasasshe ya yi nasara a kan masu lafiya. Neroli Fairhall, 'yar ƙasar Niyu Zilan, ta yi haɗarin babur a 1969, ƙafafunta suka shanye. Ta koyi harbin baka a kan keken guragu. A 1982, a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Birisben, ta kara da mata masu tsayuwa da ƙafafunsu ta ci zinariya. Sai aka fara gunaguni, wai zaman da take yi yana taimakonta, iska ba ta kaɗa ta kamar masu tsayuwa. Da aka tambaye ta, ta amsa cewa ba ta sani ba, don ba ta taɓa harbi a tsaye ba. Jiya ana cewa Allah sarki, yau ana cewa ta yi wayo. Bayan shekara biyu ta shiga Olimfik na 1984 a Los Anjalis, ta zo ta 35. Ta rasu a 2006. Shi ma Stutzman ya fita daga layin naƙasassu ya gwada. A 2015 ya kafa tarihin harbi mafi nisa da ya sami allo, yadi 310, wato sama da mita 283, tarihin da ba na naƙasassu kaɗai ba ne. A 2017 ya ci gasar ƙasar Amurka a gaban masu hannu biyu.

Kada kuma a ɗauka hanyarsa ta miƙe sak. Allon da ba a matso masa da shi ba ya kunyata shi ba sau ɗaya ba. Ya je Riyo a 2016 ana sa ran zinariya, ya dawo hannu wofi, in ana iya faɗin haka game da shi. Ya je Tokiyo a 2021, haka nan. Shekara 12 ke tsakanin azurfarsa da zinariyarsa. Ko a Paris ɗin, na 19 ya zo a zagayen tantancewa, sau biyu kuma aka yi kunnen doki sai da kibiya ɗaya ta raba gardama, ɗaya daga ciki da Forsberg ɗin nan da ya kayar da shi a Landan. Wanda aka ba damar ci, an ba shi damar faɗuwa ke nan, ba a raba su. Ina jin wannan ne ainihin abin da muke tsoro. Ba ma so mu ga gurgu ya fāɗi a gwaji a gabanmu, don za mu ji kamar mu muka ture shi. Sai mu hana shi shiga.

Saura tambaya ɗaya mai wuya, ba kuwa zan yi kamar na warware ta ba. Akwai waɗanda ba allon da za su iya samu, kome aka sake musu. Akwai yaron da ba ya magana, ba ya gane uwarsa, za a yi ta ba shi abinci a baki har ranar mutuwarsa. In na ce darajar naƙasasshe tana cikin abin da ya iya yi, na zubar da wannan yaro. Ban faɗi haka ba, kada kuma a faɗa da sunana. Iyayen Kalona ba zakara suka ɗauka ba. Jariri suka ɗauka mai wata 13, ba hannu, ba wanda ya yi musu alkawarin kome. Da bai taɓa riƙe baka ba, da ɗansu ne duk da haka. Karɓa ta riga gwaji, ba kuma gwajin ne ya biya kuɗinta ba. Abin da nake ƙi shi ne mu yanke tun daga nesa cewa kowane mai naƙasa irin yaron nan ne, don kawai tambaya tana da wahala. Yadda za a san wanda za a ce wa "gwada" da wanda za a ɗauka a goya, ba a sanin sa daga bakin ƙofa. Sai an zauna da mutum an san shi, sau da yawa kuma sai an tambaye shi, shi da kansa.

Stutzman ya ce Paris ce Paralimfik ɗinsa ta ƙarshe. Lokacin da ya fara shi kaɗai ne mai harbi ba hannu. A 2022, a gasar duniya ta Dubai, wanda ya kara da shi a karon ƙarshe shi ma ba shi da hannu. A Paris akwai wata yarinya 'yar Indiya, Sheetal Devi, wadda aka haifa a 2007 ba hannuwa a wani ƙauye na kan duwatsu. Masu horar da ita sun dubi yadda yake yi suka koya mata. Tana da shekara 17 ta ci lambar tagulla tare da abokin wasanta Rakesh Kumar, a 2025 kuma ta zama zakarar duniya a birnin Gwangju na Koriya ta Kudu.

Yaron ajina yanzu magidanci ne. Yana da rumfa a bakin tasha yana gyaran waya, da kekensa mai ƙafa uku a jingine a gefe. Bara wayata ta lalace na kai masa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya buɗe ta ya duba, ya faɗi kuɗin gyara. Na ce, "Haba ɗana, ba ragi ga tsohon malaminka?" Ya ce, "Malam, haka nake karɓa a wurin kowa." Na ƙirga na ba shi. Na so in ta da zancen ranar gwajin nan, amma akwai mutum uku a bayana suna jira, shi kuwa ya riga ya ɗauki wayar na gaba.